Sanda ɗaya ga kogi da tafki: wace sandar fatsa ya kamata ka fara saya a Ingila?

A Ingila ana rufe fatsar yawancin kifayen koguna daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni kowace shekara, domin lokacin ne suke zuba ƙwai. Galibin tafkuna da kududdufan da ake biyan kuɗin shiga kuwa a buɗe suke shekara cur. Wannan dokar kaɗai ta isa ta sa mai fatsa ya riƙa kai-komo tsakanin ruwa mai gudu da ruwa mai kwanciya: wata uku yana tafki ko yana so ko ba ya so, ranar 16 ga Yuni ya koma kogi, idan ruwan hunturu ya sa kogin ya tumbatsa ya sake dawowa tafki. Shi ya sa sabon shiga, wanda kuɗinsa bai wuce na sanda ɗaya ba, yake neman wadda za ta ɗauki aikin wuraren biyu.

Kifayen da ake magana a kansu su ne na ruwan daɗi ban da salmon da tirawut, waɗanda ke da nasu kayan da nasu dokokin. Akwai roci, ƙaramin farin kifi mai jan ido wanda bai cika kai laba ɗaya ba. Akwai birim, faffaɗa mai yawo garke-garke. Akwai tenci mai son gindin ciyayi, da cab mai ƙaton baki da ke fakewa ƙarƙashin rassan bishiya a kogi, da babel mai gashin baki wanda ke kwance a kan tsakuwa inda ruwa ya fi gudu, sai kuma kaf, wanda a tafkunan kuɗi ya fi kowa yawa. Daga roci mai giram 100 zuwa kaf mai kilo 10 tazara ce babba, babu kuma sandar da za ta yi wa dukkansu daidai. Abin da ake nema shi ne wadda ta fi cin faɗin tsakiya, wadda kuma gazawarta a gefe biyun ba ta kai ta ɓata maka yini ba.

Lambobin da ke jikin sanda

Kafin a kwatanta komai sai an iya karanta rubutun da ke saman mariƙi. Na farko tsawo, da ƙafa ake rubuta shi: ƙafa 11 mita 3.35 ce, ƙafa 12 mita 3.66, ƙafa 13 kusan mita 4. Na biyu ma'aunin lanƙwasa, wanda ake rubutawa da laba. Ma'anarsa nauyin da za a rataya wa tsinin sanda har ya sunkuyo ya yi kusurwa huɗu-huɗu da mariƙi, wato digiri 90. Sanda mai laba 1.5 ba tana nufin kifi mai laba 1.5 kaɗai za ta iya ba. Amfanin lambar shi ne ta gaya maka zaren da ya dace da nauyin da za ka iya jefawa. Lissafin da masu sana'ar suka saba da shi: ninka lambar sau biyar ka sami ƙarfin zare, wato labar da zai ɗauka kafin ya tsinke, ka ƙara ko ka rage kaɗan, sa'an nan kowace laba ɗaya ta lanƙwasa tana jefa kimanin oza ɗaya, wato giram 28. Ke nan mai laba 1.25 tana son zare mai laba 4 zuwa 8, mai 1.5 tana son 6 zuwa 10, mai 1.75 tana son 8 zuwa 12, mai laba 3 kuma daga 12 zuwa sama.

Dalilin wannan lissafi a fili yake. Sanda ita ce ke shanye fizgar kifi kafin ta isa ga zare. Idan sanda ta fi zare ƙarfi, ba za ta lanƙwasa ba sai zaren ya tsinke. Idan zare ya fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, ranar da ƙugiya ta maƙale a saiwa ka ja, sandar ce za ta karye.

Abu na uku ba a cika rubuta shi da lamba ba, amma ya fi sauran tasiri: inda sandar ke lanƙwasawa. Wata kashi ɗaya cikin uku na sama kawai ke sunkuyawa, sauran ya tsaya ƙyam. Irin wannan tana da saurin soka ƙugiya da nisan jifa, amma ba ta yafe kuskure. Wata tana lanƙwasawa tun daga tsini har cikin mariƙi. Ba ta kai ta farkon nisa ba, sai dai tana riƙe ƙugiya a bakin kifi ko da ya yi fizga a gindin ƙafarka. Ga mai neman sanda ɗaya, ta biyun ko wadda ke tsakaninsu ita ce abin so.

Sandar fulot mai ƙafa 13

Fulot shi ne 'yar alamar da ke shawagi a kan ruwa, ta nutse idan kifi ya ɗauki ƙoto. Sandarsa ta asali ƙafa 13 ce, gaɓa uku, siririya, nauyinta galibi bai wuce giram 200 ba, domin a hannu take wuni. An yi ta ne don zare mai laba 2 zuwa 5 da ƙananan ƙugiyoyi, lamba 16 zuwa 20 (a ƙugiya, yawan lamba ƙanƙantar jiki). Za ka ga zobbanta sun fi na kowace sanda yawa, goma sha wani abu, kuma ƙafafunsu dogaye. An yi haka ne don siririn zare idan ya jiƙe kada ya manne da jikin sanda ya hana fulot mara nauyi tafiya.

A kogi ne ake ganin ranar tsawonta. Ana sake fulot ya bi gudun ruwa yana jan ƙoto a baya, mai fatsa kuma yana ɗaga zaren daga kan ruwa yana miƙar da shi a bayan fulot ɗin. Idan zare ya yi ciki ya riga fulot gaba, zai ja shi gefe, ƙoton ya yi gudun da abincin gaske ba ya yi, roci da cab kuwa nan take suke ganewa. Da ƙafa 13 za ka iya gyara zaren a tazarar mita 20. Da ƙafa 11 rabin zaren na kwance a ruwa. Haka kuma zurfi: fulot ɗin da aka kafe a wuri ɗaya ba ya aiki a ruwan da zurfinsa ya kusa tsawon sanda, domin ba za ka iya jefawa ko kawo kifi bakin koma ba.

Inda ta gaza shi ne nauyi. Ka ɗaura mata dalma ko kejin ƙoto (ɗan kejin da ke kai ƙoto ƙasan ruwa) mai giram 30 ka wurga da ƙarfi, tsinin na iya ɓallewa. Kaf mai kilo 5 kusa da ciyayi zai kai ka inda ya ga dama. Idan iska ta taso ko kogi ya kawo ruwa, fulot ba ya zama, aikinta ya tsaya. Sanda ce mai daɗin aiki ƙwarai, kuma ita ta fi koya wa mutum karanta ruwa, amma ta yi rabin aikin ne kawai.

Sandar keji

Ita ce masu shago ke kira fida. Ana ɗaura ƙaramin keji mai dalma a jiki, a cusa masa garin ƙoto ko tsutsa, a jefa ya kwanta a ƙasan ruwa da ƙugiya kusa da shi. Babu fulot. Siririn tsini mai launi da ake sokawa a kan sandar shi ke rawa idan kifi ya taɓa. Yawanci ana sayar da ita da tsini biyu ko uku, an rubuta musu oza 1, 1.5, 2 ko sama da haka.

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ozar da ke jikin tsini ba nauyin jifa ba ce, taurinsa take nunawa. Nauyin jifa yana rubuce a jikin sandar kanta, misali giram 20 zuwa 60, kuma lissafin ya haɗa da ƙoton da ke cikin kejin. Keji mai giram 30 idan aka danƙara masa jiƙaƙƙen gari yana iya kai 50 ko fiye. Zaɓin tsini kuma ruwa ne ke yanke shi. A tafki mara iska, tsinin faiba (zaren gilashi) mai oza 1 ya fi, domin yana da taushi, birim zai ja shi a hankali bai ji turjiya ba. A kogi, gudun ruwa kaɗai zai lanƙwasa wannan tsinin har ƙarshe, ba sauran inda zai motsa ya nuna cizo, sai a sa na kabon mai oza 2 zuwa 4. Ajiye sandar ma ya bambanta. A tafki ana kwantar da ita ƙasa-ƙasa, a karkace da zare, a ɗan ja har tsinin ya sunkuya kaɗan. A kogi ana ɗaga kanta sama don a rage zaren da ruwa ke turawa, a saki ɗan zare ya yi baka, sau da yawa ma cizon ba ja ba ne, tsinin ne zai miƙe farat ɗaya saboda kifi ya ɗaga kejin daga wurinsa.

Tsawonta ya danganta da nisa. Ƙafa 10 ta isa ƙananan tafkunan kuɗi inda jifa bai wuce mita 30 ba. Ƙafa 13 mai jefa giram 100 ko fiye ta manyan koguna ce irin Trent da Severn. Ta tsakiya, ƙafa 11 ko 12 mai jefa har giram 60, ita ce mai yawan amfani, kuma in dai yawan kifi ake ƙirgawa a shekara, da wuya wata sanda ta kama ƙafarta: tana aiki cikin iska, cikin zurfi, da nesa. Laifinta ɗaya ne babba. Ba ta fulot. Zobban tsininta ƙanana ne, tsinin ya cika taushi wajen soka ƙugiya da sauri, gindinta kuma ya yi nauyin riƙewa a hannu wuni guda.

Avon da mai kai biyu

Sandar Avon ta samo sunanta daga kogin Avon na Hampshire, kogi mai gudu da tsabta wanda ya yi suna da cab da babel da manyan roci. Tsawonta ƙafa 11 ko 12, ma'aunin lanƙwasa laba 1 zuwa 1.5, tana sunkuyawa har cikin mariƙi. Tun asali an yi ta ne don kifi matsakaici zuwa babba, da zare matsakaici, ko da fulot ko da dalma.

Abin da ya mayar da ita ta kowa da kowa shi ne dabarar yi wa gindi ɗaya kai biyu: ɗaya kan Avon na sosai, ɗaya mai ɗauke da tsini mai rawa irin na sandar keji. Marigayi John Wilson, wanda ya shahara da shirin kamun kifi a talabijin ɗin Birtaniya ya kuma rasu a 2018, shi ya yaɗa irin wannan da sandarsa mai suna Avon Quiver, wadda aka saya ba adadi. Yau kamfanoni irin Drennan da Korum da Daiwa duk suna yin nasu.

Ga yadda take cin aikin shekara. A watan Mayu, kogi na rufe, ka sa kan Avon da zare mai laba 6 da fulot mai ɗan nauyi, ka jefa ƙwayar masara biyu a ƙugiya lamba 12 gefen ganyen bado don tenci. Idan ya ɗauka ya nufi cikin ciyayi, sandar na da ƙarfin juyo da shi, kuma taushinta ba zai bar ƙugiyar ta yage leɓe ba. A watan Yuli, kan nan dai, ɓawon burodi a saman ruwa don kaf da ke kusa da gaɓa, zare mai laba 8. Da kaka ka canza zuwa kai mai rawa, keji mai giram 30 zuwa 40, ka nemi birim a tafki. Da hunturu, ƙaramin nauyi da curin burodi ko cuku a ƙugiya lamba 6, kana bin gaɓar ƙaramin kogi daga wannan lungu zuwa wancan don cab. Babel ma tana iya shi a ƙananan koguna idan ruwa bai cika ba.

Ba a rasa abin da ake sadaukarwa. A wajen bin gudun ruwa da ƙaramin fulot ba ta kai mai ƙafa 13 ba: ta fi gajarta, ta fi nauyi, zobbanta sun fi kusa da jiki, kuma da ƙugiya lamba 20 da zare mai laba 2 za ka riƙa tsinke zare ko kuɓutar da roci. A jifa mai nisa ba ta kai sandar keji ta gaske ba, domin taushin tsakiyarta na cinye ƙarfin wurgi, bayan mita 40 sai daidaito ya fara lalacewa. Amma duk waɗannan ragi ne, ba hani ba ne. Sauran biyun kowacce akwai aikin da sam ba ta iya shi, ita kuwa babu.

Tsakanin laba 1.25 da 1.5 da 1.75 fa? Idan ruwan da ke kusa da kai ƙananan koguna ne da magudanan jiragen ruwa da kududdufai, kifin kuma roci da cab da tenci, ɗauki ƙafa 11 mai laba 1.25. Gajartarta ma alheri ce a ƙarƙashin bishiyoyi. Idan tafkunan kuɗi masu kaf za ka fi zuwa, ko kogi mai faɗi, ƙafa 12 mai laba 1.5. Mai 1.75 ta riga ta zama sandar babel. A kogin Trent ko na Wye ita ce mafi ƙanƙantar abin da ake fita da shi, idan ruwa ya kawo ma sai mai 2.25 ko 2.5 don jefa keji mai oza 4 zuwa 6, amma kifi mai rabin kilo a kanta ba ka ma jin yana nan.

Sandar kaf, da abin da ya sa ba ita ba ce

Sabbin shiga da yawa ita suke fara ɗauka, ƙafa 12 mai laba 3 ko 3.5, da tunanin cewa mai ƙarfi ta ɗauki babba ta ɗauki ƙarami. Ba haka abin yake ba. A 1952 Richard Walker ya kama kaf mai laba 44, kusan kilo 20, a tafkin Redmire, da sandar gora mai ƙafa 10 da ya tsara da kansa, wadda ma'aunin lanƙwasarta laba 1.5 ne. Taurin sandunan kaf na yau don jefa dalma mai oza 3 zuwa 4 tazarar mita 100 aka yi shi, ba don girman kifi ba. Ka sa mata siririn zare ya tsinke, ka sa ƙaramar ƙugiya ta yage bakin birim, ka ɗaura fulot ya ƙi tafiya. Wanda ya ƙudurta kwana a bakin babban tafki yana jiran kaf ɗaya, ko zai nemi fayik, kifi mai cin kifaye, da mataccen kifi da waya a gaban ƙugiya saboda haƙoransa, shi ke da buƙatarta.

Sandar da ake zugewa kamar eriyar rediyo kuma sauƙin ɗauka ne kawai abin yabonta. Mahaɗanta sun yi yawa, lanƙwasarta ba ta tafiya sumul, yashi na shiga tsakanin gaɓoɓi ya ci su.

Abin dubawa kafin a biya

Haɗa sandar a shago, ka ɗaura mata manaɗin zaren da za ka yi aiki da shi, ka ɗora ta a yatsa ɗaya gaban manaɗin. Idan kanta ya rinjaya ƙasa sosai, wuyan hannunka zai gaya maka kafin azahar. Ga mai kai biyu, manaɗi lamba 4000 (lambar girmansa ce) ya yi, da kwarkwaro biyu, ɗaya zare mai laba 6, ɗaya mai laba 8 ko 10. Ka sa wani ya riƙe tsini ka ɗaga a hankali, ka duba ko bakan ya tafi sumul ko akwai inda ya tsaya tauri, musamman wajen mahaɗi. Ka leƙa ta cikin zobba ka ga sun yi layi. Ka tambaya ko ana samun tsinin canji, domin shi ne abin da ke fara karyewa.

Wasu mahaɗan ana barin 'yar tazara, kamar rabin santimita zuwa ɗaya, tsakanin gaɓa da gaɓa. Da gangan ne, don idan ya ci da amfani ya sami inda zai ƙara shiga. Kada ka danna da ƙarfi don rufe ta. Goga masa ɗan kyandir lokaci-lokaci yana hana shi sakwarkwacewa ko cijewa.

Ka kuma tuna da yadda za ka kai ta bakin ruwa. Ƙafa 12 mai gaɓa biyu, kowace gaɓa mita 1.83 ce, wahala ce a bas ko jirgin ƙasa ko ƙaramar mota. Ƙafa 11 tana ba da mita 1.68, ƙafa 13 mai gaɓa uku kuwa kimanin mita 1.35. Wanda ke da niyyar tafiya da ita gida hutu, ya gwada ta a Tiga ko Kainji, mai laba 1.5 za ta yi masa tarwada da karfasa lafiya lau, amma ba ta giwan ruwa ba ce, kuma ya sayi tsinin canji biyu ya tafi da su.

Yawancin sandunan da ke karyewa ba kifi ne ke karya su ba. Zare ya naɗe tsini ba a lura ba aka wurga keji, wannan ya fi kowanne yawa, maganinsa kuma ka ɗan ja zaren da yatsa kafin kowane jifa ka ji yana tafiya. Sai naɗe zare har keji ya bugi zoben ƙarshe. Sai ɗaga sanda tsaye cak lokacin da kifi ke gindin ƙafa, wanda ke tara duk nauyin a siririn kai. A nan ja da sandar baya ake yi a karkace, a miƙa koma mai dogon mariƙi. Idan ƙugiya ta maƙale, a miƙar da sanda ta fuskanci wurin, a ja zaren kai tsaye, a kuma kawar da fuska. Sauran kuwa ƙofar mota ce da takawa. Kabon da ake yin sanda da shi yana ɗaukar lantarki, wuta kuma na iya tsallakowa ba sai sanda ta taɓa waya ba, shi ya sa ake gargaɗin a bar aƙalla mita 30 tsakanin wurin fatsa da wayoyin sama.

Duk wanda ya kai shekara 13 sai da lasisin Hukumar Kula da Muhalli, tarar rashinsa na iya kai fam 2,500, kuma lasisin bai ba ka izinin shiga ruwan kowa ba, sai ka sayi tikitin yini ko ka shiga ƙungiyar da ke riƙe da wurin. Kusan duk kifin da aka kama mayar da shi ake yi da rai, ɗauka daga tafki ba da izinin mai shi ba sata ce a doka. Dalma mai nauyi tsakanin giram 0.06 da 28.35 haramtacciya ce tun 1987 saboda tana kashe tsuntsayen ruwa da ke haɗiye ta, don haka ƙananan nauyin da ake sayarwa na wani ƙarfen ne. Lasisin da aka fi saya yana ba da damar kafa sanda biyu lokaci guda, kuma a nan ne sayayya ta biyu ke shigowa: wanda ya fara da mai kai biyu, idan ya ga zuciyarsa ta karkata ga kogi da fulot, ya ƙara mai ƙafa 13 da manaɗi lamba 2500 ko 3000 da zare mai laba 3. Idan kuma babel ne ya ja hankalinsa, ya ƙara mai ƙafa 12 da laba 2, da manaɗi mai sakin zare da kansa, domin babel idan ya ɗauki ƙoto yana iya fizge sanda daga kan matokarinta ya shige da ita ruwa.